Zuwa ga Hajiya, kan Rashin Yayanmu

 Ya muka ji da haƙuri? Allah ya jiƙan Yaya, ya gafarta masa, ya kai haske kabarinsa. Allah ya ba ki juriyar wannan rashi, ke da mai ɗakinsa da ke cikin takaba, da marayun da ya bari, da ƙannensa baki ɗaya.

Ba lalle ki gane ni ba ko da mun haɗu. Ina cikin mutanen da ke taruwa a zauren gidansa duk Asabar bayan la'asar, waɗanda suka cika layi ranar jana'iza har dangi suka riƙa tambayar ko su waye. Sunansa ba zai fito a takardar nan ba. Ɗan fari ne, ba a taɓa jin sunan a bakinki ba, ba kuwa zan sa a karanta miki shi yanzu ba. Mu dama Yaya muke ce masa, har da waɗanda suka ba shi shekaru.

Mun zo zaman makoki, mun zauna a tabarmar maza a waje, mun yi addu'a mun tashi. Abin da ke bakinmu bai dace da cikin jama'a ba. Daga baya ƙanwarsa ta shaida mana abin da kike faɗa in dare ya yi: wai kin dake shi da yawa yana yaro, kin kira shi da sunayen da bai cancanta ba, da kin san lalura ce da ba a yi haka ba. Wannan magana ta hana mu sukuni. 'Yan'uwa suka ce in rubuto miki, tunda mu muka ji ta bakinsa a kan yarintarsa, kuma abin da ya faɗa mana ya sha bamban da abin da kike tuhumar kanki da shi.

Dukkanmu da ke zauren nan mun san irin yarintar da ya yi, domin ita muka yi. A aike ka sayo gishiri da ashana da kalanzir, ka dawo bayan an gaji da jira da ashana kaɗai, canjin ma ka rasa inda ya faɗi. A makarantar allo malam ya biya maka, ka juya ka manta, dorina ta sauka. A boko a rubuta a katin sakamako cewa yaron yana da ƙwaƙwalwa amma wasa ya yi masa yawa. Sunaye kuwa mun sha su: gagararre, mai kunnen ƙashi, sakarai, marar kan gado. In abin ya ƙi ci ya ƙi cinyewa sai a ce iska ce, ko an yi masa sammu, a shiga rubutu da hayaƙi. Babu wanda ya yi mana haka don ƙiyayya. Iyakar abin da aka sani ke nan.

Kuma ba a Kano kaɗai aka yi wannan rashin sani ba, Hajiya. Lalurar da likitoci ke kira ADHD, wato ƙarancin tattara hankali tare da yawan motsi da saurin aikata abu kafin tunani, ta daɗe tana wahalar da masana su kansu. Tun 1798 wani likita ɗan Sikotilan, Alexander Crichton, ya rubuta bayanin mutanen da hankalinsu ba ya iya tsayawa a kan abu ɗaya. A 1902 George Still, likitan yara a Landan, ya gabatar da laccoci a kan irin waɗannan yara, amma ya ɗauki abin a matsayin tawaya wajen kame kai ta fuskar ɗa'a. Wato shi ma, da iliminsa, hali ya gani. Sunan da ake kiranta da shi yanzu bai shiga kundin likitocin ƙwaƙwalwa na Amurka ba sai 1987, lokacin Yaya na firamare. An daɗe kuma ana zaton abu ne na ƙuruciya da ke wucewa in an balaga. Sai a 2013 aka gyara sharuɗɗan kundin yadda za su fi dacewa da manya. A yau ƙiyasin da aka fi yarda da shi shi ne tana samun yara kusan biyar cikin ɗari, manya kuma biyu zuwa uku cikin ɗari. Binciken da aka yi ta yi a kan tagwaye ya nuna gado ne ke da kaso mafi tsoka a cikinta, kashi 70 zuwa 80 cikin ɗari. Ba nonon da ya sha ba ne, ba kuma tarbiyya ce ta gaza ba. Haka aka halicci ƙwaƙwalwarsa.

To in Turawan da suka ba ta suna sun kwashe kusan shekara ɗari biyu suna lalube, ina uwa a cikin birnin Kano za ta samo wannan sani? Wa zai faɗa miki? Likitocin ƙwaƙwalwa a Najeriya har yau 'yan ɗaruruwa ne kaɗan a kan mutum sama da miliyan 200. Dokar da ta riƙa kula da wannan fanni ta 1958 ce, ta zamanin Turawa, wadda babban aikinta tsare mahaukata, ba a maye gurbinta ba sai Janairun 2023. A lokacin yarintarsa in aka ji an kai yaro asibitin ƙwaƙwalwa na Dawanau, to an gama masa suna, har auren ƙannensa mata sai abin ya shafa.

Yanzu bari in faɗa miki abin da shi ya riƙe.

Bai ɓoye mana an dake shi ba. Amma in ya tashi ba da labarinki, ba ta nan yake farawa ba. Yakan fara ne da ranar da manyan gida suka yanke shawarar kai shi gidan mari, yana ɗan shekara goma sha wani abu, bayan an sake koro shi daga makaranta. Ke da ba ki taɓa sa baki a maganarsa ba saboda kara, ranar kika fito tsakar gida kika ce ba inda za shi. Ya ce wannan ne karo na farko da ya tabbatar akwai mai son sa a duniya. A watan Satumba na 2019, da 'yan sanda suka buɗe wani gida a Rigasa ta Kaduna suka fito da maza da yara sama da 300, wasu da sarƙa a ƙafa, wasu baya duk tabo, Yaya ya kasa cin abinci. Ya ce mana da ba don tsohuwarsa ba, da irin wannan ɗaki ya ƙare. Allah kaɗai ya san yara nawa ne a irin waɗannan gidaje da laifinsu bai wuce sun kasa zama wuri ɗaya ba. Naki bai shiga ba, kuma ke kika hana.

Sai kuma ƙananan abubuwan da kika yi ta yi ba tare da kin san suna da muhimmanci ba. Da kika ga aike uku na ɓacewa, kika koma aikensa abu ɗaya, ki sa ya maimaita a gabanki kafin ya fita. Makullin ɗaki kika ɗaura masa a wuya da zare. In an ba shi aikin gida daga makaranta, ke da ba ki yi boko ba, kikan ɗauko faifan wake ki zauna kusa da shi kina tsinta, ba ki ce masa komai, shi kuwa sai ya ga ya gama. In kika tashi sai aikin ya tsaya. Ba ki ce masa ƙarfe kaza, sai dai ki ce kafin a kira azahar, ko da an idar da magariba, domin kin lura agogo ba ya yi masa magana amma kiran salla yana yi.

Hajiya, waɗannan abubuwa su ne muke rayuwa da su a zauren nan. Da ya kusa arba'in likita ya tabbatar masa da lalurar, ya shiga karatu a kanta ba dare ba rana, irin karatun da muke yi in abu ya kama mu. Ya dawo yana mamaki: shawarwarin da masana ke bai wa manya masu ita, a rage aiki zuwa guntu-guntu, a fito da tunatarwa waje inda ido zai gan ta, a samu wanda zai zauna kusa da kai kana aiki, duk ya riga ya gan su a tsakar gidanku. Abin da ya yi kawai shi ne ya tara mu ya raba mana.

Ga yadda abin yake. A cikinmu akwai tela, akwai direban adaidaita sahu, akwai ma'aikacin banki da ke gab da rasa aikinsa, akwai ɗalibin da ya gama komai a jami'a sai kundin kammalawa ya gagare shi shekara da shekaru. Mata suna da nasu zaman ta WhatsApp, mai ɗakinsa ce ke riƙe da shi, kuma nasu ciwon ya fi namu ɓuya: yarinya ba ta cika hawa katanga ba, sai dai ta yi zuru, a ce shiru-shiru ce, sai an kai ta ɗakin miji girki ya riƙa ƙonewa a fara kiranta ƙazama ko malalaciya. Wasu a kan haka aurensu ya mutu. Duk wanda ya zo zaure yakan zo da aikin da ya fi ƙarfinsa a makon: takardar da ya kasa cikewa, lissafin shago, saƙon da ya kasa amsawa har kunya ta hana shi amsawa kwata-kwata. A zauna, kowa ya yi nasa, ba hira sai an ɗan ci ƙarfin aikin. Ɗalibin nan a kan tabarmar Yaya ya rubuta babinsa na ƙarshe. Telan, wanda masu ɗinki suka guje shi saboda saɓa alkawarin kayan salla, yanzu ba ya karɓar sabon yadi sai ya kira ɗaya daga cikinmu sun ƙirga abin da ke gabansa tare. Muna da adashi, kuma wanda ya san kuɗi ba sa kwana a hannunsa yakan ce a riƙe masa kwasarsa sai ranar biyan kuɗin haya.

Akwai ƙa'idar da Yaya ya kafa wadda baƙo ba zai ga girmanta ba: wanda ya makara ba a tambayarsa dalili. A ce masa sannu da zuwa, a matsa masa. Na ga dattijo mai furfura ya yi hawaye a kan wannan, domin tunda yake, bai taɓa shiga wuri a makare ba tare da ya shirya ƙaryar da zai yi ba. Mutum in ya shekara talatin ana ce masa ba shi da amfani, yakan karɓa. Abin da ya fi lalurar kanta nauyi shi ne wannan kunya, kuma likita ba ya iya cire ta a ganin minti goma. Sai ka zauna da wanda zai ce maka shi ma jiya ya bar tukunya a wuta ya fita, kuma ka ga mutum ne mai mutunci, mai iyali, mai sana'a. Shi Yaya yakan kwatanta kansa da tashar mota, kowane ɗan kamasho na kiran garinsa a lokaci guda, shi kuma an ce ya saurari ɗaya. Duk wanda ya ji wannan a cikinmu sai ya gyaɗa kai.

Kada ki ɗauka zauren lallashi ne kawai. Yaya bai yarda lalura ta zama mafakar cin haƙƙin mutane ba. Ka ɓatar da yadin wani, za ka biya. Ka saɓa alkawari, za ka je ka ba da haƙuri, sai dai ba za ka je kai kaɗai ba, wani zai raka ka. Ba ya kuma yarda wani ya yanke wa kansa hukuncin yana da ita don ya ga bidiyo a waya. Mantuwa da rashin natsuwa suna iya fitowa daga damuwa, ko rashin barci, ko wata cuta daban, don haka sai likita ya duba. Magani kuwa ba a ba wa juna. Ritalin, wanda aka fi sani, tun shekarun 1950 ake amfani da shi a Turai da Amurka, a nan kuwa yana cikin magungunan da doka ta tsaurara, ga tsada ga wuyar samu. Da yawa daga cikin samarin da suka zo mana sun riga sun nemi sauƙi ta hanyar da ba ta dace ba, tiramol ko kodin, wanda gwamnati ta hana haɗa maganin tari da shi a 2018. Ba su fara don iskanci ba, hayaniyar kai suke son kashewa. Yaya yakan ɗauki irin waɗannan a bayan babur ɗinsa ya kai su asibiti, ya zauna a layi tare da su, domin ya san in an bar su su kaɗai layin zai gagare su.

Ba shi ya ƙirƙiro taimakon juna a wannan fanni ba. A Amurka iyaye sun kafa ƙungiyar CHADD a Florida a 1987, ADDA kuma ta biyo baya don manya. A ƙasar nan ma, tun 1954 Farfesa Thomas Adeoye Lambo ya fara sauke marasa lafiyar ƙwaƙwalwa a gidajen ƙauyukan da ke kewaye da asibitin Aro a Abeokuta, tare da danginsu, saboda ya gane mutum ya fi samun sauƙi a cikin mutane. Amma a unguwarmu Yaya ne ya fara buɗe baki ya ce ni ina da ita, a garin da faɗin haka kan iya hana ka mata ko abokin ciniki. Da bai faɗa ba, da babu ɗayanmu da zai faɗa.

Akwai wata magana da na san ta iso kunnenki, domin ta iso namu tun a maƙabarta: wai gaggawarsa ce ta kai shi ga hatsarin da ya yi ajalinsa. Ba zan yi miki rufa-rufa ba. Gaskiya ne masu wannan lalura sun fi sauran jama'a haɗarin hatsari. Wani babban bincike da aka yi a Denmak a kan mutum kusan miliyan biyu, aka wallafa a 2015, ya gano mutuwar wuri a cikinsu ta ninka ta sauran mutane, kuma mafi yawa ta hanyar hatsari ce. Yaya ya san wannan fiye da kowa a cikinmu. Shi ya tilasta mana hular kwano, shi ya hana mu amsa waya a kan abin hawa, shi ke karɓe makullin wanda bai yi barci ba. Waɗanda ke wurin sun shaida a ranar hularsa na kansa, kuma ba gudu yake ba. Russell Barkley, Ba'amurken da ya ƙarar da rayuwarsa a binciken wannan lalura, har da haɗarinta a kan tuƙi, abokin tagwaicinsa mai ɗauke da ita a hatsarin mota ya rasu a 2006. Mutumin da ya fi kusan kowa sani a duniya bai iya tare wa ɗan'uwansa ba. Sani yana rage haɗari, shi ya sa muke nemansa, amma ba ya ɗaga ajali. Kwanan Yaya ne ya ƙare a kan wannan hanya. Ba wani abu da kika yi ko kika bari shekara talatin da suka wuce da ya kai shi can.

An ce mana kina danne kuka a gaban mutane, don kada a ce kin yi wa ɗan fari rashin kara. Ni yaro ne, ba ni zan koya miki al'ada ba. Amma Manzon Allah, sallallahu alaihi wa sallam, ya zubar da hawaye da ɗansa Ibrahim ya rasu, kuma malamai ba su hana hawaye ba, kururuwa da yage tufafi suka hana. Kin yi kara shekara arba'in da ɗoriya, kuma ya gane ta, ya san abin da ke ƙarƙashinta. In kukan ya zo, ki bar shi ya fita. Dukan da kike tunawa kuwa, a gabanmu ya ce ya yafe tun tuni, ya kuma ce shi ne ke neman ki yafe masa wahalar da ya ba ki. In kina da abin yi masa yanzu, wannan ne: ki furta kin yafe, ki sa masa albarka.

Saura batun abin da ya bari. Kin san halin shagonsa a Farm Centre: hannunsa na da albarka, wayar da ta gagari kowa shi ke tayar da ita, yakan kwana a kanta ya manta da abinci, amma rubuta wanda ya kawo da wanda ya biya ba ya cikin abin da ya iya. Mun shiga shagon tare da ƙaninsa, mun bi wayoyin ɗaya bayan ɗaya, mun mayar wa masu su, waɗanda bai gama ba abokan sana'arsa sun ƙarasa kyauta. Bashin da ake bin sa kaɗan ne, mun haɗa mun biya, kada ya kwana da nauyin kowa. Waɗanda yake bi sun fi yawa nesa ba kusa ba, domin mantawa yake yi ya karɓa, kuma da dama sun kawo da kansu da suka ji labari. Kuɗin da takardar lissafin suna hannun ƙaninsa don rabon gado.

Sai roƙo guda, ranki ya daɗe. Jikanki na tsakiya, wanda bai iya zama a wajen makoki ba har wasu suka riƙa daka masa tsawa, Yaya ya daɗe yana lura da shi, ya kuma yi niyyar kai shi a duba shi bayan hutun makaranta. Ba mu ce yana da ita ba, likita ne zai faɗa. Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano yana da sashen lafiyar ƙwaƙwalwa, kuma in kin amince, da ke da mahaifiyarsa, biyu daga cikinmu za su raka kawunsa da shi, ɗawainiyar kuma tamu ce. Kafin nan muna so ya riƙa yini a wajenki, domin babu wanda ya kai ki iya zama da irinsa. Matan zauren ma suna neman izinin zuwa gaishe ki ranar Juma'a bayan an sauko. Akwai masu 'ya'ya irin naki a cikinsu, suna da tambayoyi da yawa. Zaman Asabar kuwa mai ɗakinsa ta ce kada a rufe zauren, za mu ci gaba.

Allah ya karɓi abin da ya yi mana a matsayin sadaka mai gudana, ya rubuta miki kasonki a ciki, ya raya abin da ya bari, ya sa Aljanna ce makomarsa. Ki sa mu a addu'a, Hajiya.

Ɗanki, a madadin 'yan'uwansa na zaure.